SAWAKIN: GARIN MURJANI A BAKIN BAHAR MALIYA

Idan muka buɗe taswirar Afirka muka ɗora yatsa a kan Kano, sa'an nan muka ja shi gabas muna ɗan karkatawa arewa, za mu ratsa Barno da Chadi da Darfur, mu haye Kogin Nilu, mu hau waɗansu duwatsu, daga nan sai yatsan ya faɗa cikin ruwa. Wannan ruwa shi ne Bahar Maliya, wadda muka saba jin sunanta a Littafin Fitowa, ko da yake wurin da muke magana a kai yana can kudu nesa da Masar. A daidai inda yatsanmu ya tsaya, a ƙasar Sudan, akwai wani ɗan gari mai suna Sawakin. A taswirar makaranta da ƙyar za a ga ɗigonsa a ƙarƙashin Fot Sudan, wadda ke arewa da shi da tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Amma akwai zamanin da babu Fot Sudan sam, kuma duk mai son fita daga ƙasar Sudan ta teku, ko ɗan kasuwa ne, ko soja, ko mai niyyar aikin hajji, sai ya bi ta Sawakin. A cikin masu bi ta wurin har da dubban mutanen ƙasar Hausa.

Bari mu fara da yadda wurin yake. Gaɓar Bahar Maliya ba ta da sauƙi ga jiragen ruwa, domin duwatsun murjani sun yi mata shinge a cikin ruwa. A Sawakin sai aka sami wata siririyar mashiga wadda ta ratsa wannan shinge ta shigo cikin ƙasa, ta buɗe ta zama tafki mai kwanciyar ruwa. A tsakiyar tafkin akwai tsibiri, kusan zagayayye, wanda tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Mai ƙafa zai zagaye shi kafin a gama darasi ɗaya na aji. A kan wannan ɗan wuri aka gina tsohon garin. Ruwa ya kāre shi daga mahara na tudu, shingen murjani ya kāre shi daga haukar teku, jirgi kuma yana iya matsowa har gindin gida. Abu ɗaya ne tsibirin ba shi da shi, wato ruwan sha. Daga rijiyoyin Shata da ke kan tudu ake kawo shi.

Game da sunan, mutanen wurin suna da labaru. Waɗansu sun ce a nan ne Sarki Sulemanu yake ɗaure aljannun da suka yi masa tawaye, don haka suna danganta sunan da kalmar Larabci ta kurkuku ko ta aljan. Har yanzu a Sudan ana ba da labarin kyanwoyin Sawakin, wai ba kyanwoyi ba ne na gaskiya, kuma baƙo ya yi hankali kada ya kore su daga kan kifinsa. Mu dai mun ɗauki wannan a matsayin hirar dare. Abin da ya fi kama hankali shi ne sunan da Beja, 'yan asalin wannan yanki, suke kiran garin da shi, wato Usuk, daga kalmar Larabci suƙ, ma'ana kasuwa. Masana harshe suna ganin kalmarmu ta kasuwa ma daga wannan tushe ta fito, ta biyo ta bakin Barebari masu cewa kasugu. Ashe tun a suna muna da ɗan haɗi da su.

Marubutan Larabawa sun ambaci Sawakin tun a ƙarni na 10. A lokacin ba ita ce babbar tasha ba, akwai Aizab can arewa wadda ta fi ta ciniki. A shekarun 1260 Sarkin Masar Baibars ya aiko da mayaƙa ya sa garin a ƙarƙashinsa. Wajen shekara ta 1330 shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a tsibirin, ya tarar babu ruwa, babu gona, babu itace, kuma mai mulkin wurin ɗan gidan sarautar Makka ne. Wannan Ibn Battuta shi ne wanda bayan shekara ashirin da 'yan kai ya iso Takedda a ƙasar Azbin, ya ambaci Gobir a cikin labarinsa. Da Aizab ta mutu a ƙarni na 15, sai cinikinta ya dawo Sawakin. A 1541 jiragen yaƙin Fotugal suka shigo tafkin, wani hafsansu mai suna João de Castro ya zana garin, ya kwatanta shi da Lisbon, babban birnin ƙasarsu. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda jirage suka kewaye tsibirin, ana ɗora katako daga jirgi zuwa ƙofar ma'ajiyar ɗan kasuwa a sauke kaya kai tsaye.

Turkawa suka ci Masar a 1517, ikonsu ya gangaro Bahar Maliya, a 1555 kuma suka kafa lardin da suka kira Habash, Sawakin na cikin manyan garuruwansa. A littattafai za ku ga an kira mulkinsu Daular Usmaniyya. Ku lura, wannan ta Istanbul ce, ba ta Sakkwato ba, kada a rikita su a jarrabawa. A ƙarƙashin Turkawa garin ya yi ta hawa da sauka. Da jiragen Turawa suka koyi zagaya Afirka ta kudu zuwa Indiya, cinikin Bahar Maliya ya ragu ƙwarai. Wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya iso Sawakin a 1814 tare da ayarin da ya taso daga Shendi, ya tarar gidaje da yawa na tsibirin sun zube. A cikin ayarin nasa akwai mahajjata daga yammacin Afirka, waɗanda ake kira Takari. Wato ke nan faɗuwar da garin ya yi daga baya ba ita ce ta farko ba.

GIDAJEN MURJANI

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin gidajen su ne suka sa ake tunawa da Sawakin. Murjanin da muka sani shi ne jan dutsen ado da mata ke ɗaurawa a wuya. Amma asalinsa ba dutse ba ne. Waɗansu ƙananan halittu ne na teku, waɗanda ke zaune jingim a ruwa mai ɗumi, mai haske, marar zurfi. Kowace takan gina wa kanta ɗan gida mai tauri. In ta mutu gidan ya rage, 'ya'yanta su yi nasu a kai, haka haka har shekaru dubbai su tara tudu a ƙarƙashin ruwa. Irin wanda ake gini da shi fari ne, ba ja ba, mai ƙananan ramuka kamar soso.

Magina sukan yanko shi daga bakin teku, su sassaƙe shi kamar tubali. Yana da sauƙin sara, ba shi da nauyi sosai, kuma ramukan nan suna hana zafi ratsa bango. Sai dai ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya shi kaɗai. Don haka in an jera 'yan sahu sai a shimfiɗa itace a kwance cikin bangon, a sake ɗora murjani, kamar yadda maginanmu suke sa azara ta ɗaure soro. Da wannan dabara suka tā da benaye hawa biyu, hawa uku. Daga murjanin nan kuma ake samun abin yaɓe. Akan ƙone shi ya zama farar ƙasa, a kwaɓa, a shafe bangon ciki da waje. Mai shigowa daga teku da hantsi sai ya hango gari fari fat yana tsaye a kan ruwa.

Abin da ya fi ƙawata gidajen shi ne tagoginsu, waɗanda ake kira roshan. Ba taga ba ce irin ta ajinmu. Wani ɗan ɗaki ne na katako da ya turo kai daga bango ya rataya a kan titi, an sassaƙa shi da ƙananan ƙofofi da raga. Katakon daga Indiya da Jawa ake kawo shi, irin wanda gara da gishiri ba sa saurin ci. A cikin roshan akwai wurin zama, har mutum ya miƙe ya yi barci. Iskar teku tana shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin mai wucewa shi kuwa ba ya ganinsu. A nan ake ajiye tulun ruwa ya yi sanyi. A ƙasa akwai ɗakin baƙi na maigida, kusa da ƙofa, mai aikin zaurenmu. Iyali suna sama. A kan rufi kuma akwai fili mai katanga inda ake kwana lokacin zafi. Titunan ƙanana ne ƙwarai, da gangan, don gida ya yi wa gida inuwa. Irin wannan gini ne ake gani a tsohon garin Jidda da Massawa, domin duk 'yan ɗaki ɗaya ne, teku ce ta haɗa su.

Amma gidan murjani yana da sharaɗi. Dutsen ya fito daga ruwan gishiri, gishirin kuma yana nan a cikinsa. Muddin yaɓen farar ƙasa yana rufe da shi, lafiya lau. Ran da yaɓe ya tsage aka bar shi, raɓa da ruwan sama su shiga ramukan, gishiri ya narke ya sake daskarewa, dutsen ya fara marmashewa, itacen da ke cikin bango ya ruɓe, bangon ya yi ciki, wata rana ya kwanta. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. Soron da ba a yi masa yaɓe ba, ba a gyara indararonsa kafin damina ba, ba ya kai shekara nawa. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

ZAMANIN ARZIKI DA ZAMANIN YAƘI

A 1865 Sarkin Turkawa ya miƙa Sawakin ga Isma'il, mai mulkin Masar. Bayan shekara huɗu, a 1869, aka buɗe mashigin Suwes, Bahar Maliya ta zama babbar hanyar jirage tsakanin Turai da Indiya. Nan da nan garin ya farfaɗo. Gwamna Mumtaz Fasha ya gyara gine-gine, ya ƙarfafa noman auduga a Tokar. A 1877, zamanin da Gordon yake gwamnan Sudan, aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu, raƙuma suka riƙa shiga har cikin gari. Unguwar da ke kan tudu, wadda ake kira Gef, ta cika da kasuwa da bukkokin Beja.

Ayari yakan taso daga Barbar a bakin Nilu, ya yi kamar mako biyu yana ratsa hamada da duwatsu kafin ya ga teku. Kayan da yake kawowa ba baƙi ba ne a wurinmu: ƙaro, hauren giwa, gashin jimina, fatu da ƙiraga, filasko, riɗi, dawa da man shanu. In zai koma ya ɗauki yadi, sukari, turare da kayan yaji. Wani attajiri, Shinnawi Bey, ya gina wani katafaren masauki na fatake a Gef, wanda mutanen garin kan ce ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara. 'Yan kasuwa sun zo daga Jidda, Hadramaut, Masar, Siriya, Girka da Indiya. Ta wannan hanya kuma masu mishan na Katolika suka riƙa bi zuwa Khartum a shekarun 1870 da 1880, kamar yadda tun ƙarnuka kafin haka Kiristocin Habasha masu ziyarar Urushalima suke shiga jirgi a Sawakin.

Ba za mu ɓoye ɗaya kayan cinikin ba. An fitar da bayi da yawa ta wannan tasha zuwa ƙasar Larabawa, maza da mata da yara, daga kudancin Sudan da kan iyakar Habasha. Yarjejeniyar da Ingila da Masar suka yi a 1877 ta haramta cinikin a takarda, amma ƙananan jirage sun ci gaba da haye teku da dare daga ɓoyayyun lunguna na gaɓa. Waɗansu daga cikin kyawawan tagogin nan da kuɗin mutane aka sassaƙa su.

A 1881 Muhammad Ahmad ya yi shelar cewa shi ne Mahadi, ƙasar Sudan ta tashi a kan mulkin Masar. Wanda ya ɗauki tutarsa a gabas ɗan Sawakin ne, Usman Digna, daga gidan 'yan kasuwa. Ya tara Hadandawa, wani reshe na Beja, masu takobi da māshi da garkuwar fata. A Fabrairun 1884 suka tarwatsa rundunar Masar a El Teb. Ingila ta aiko da sojojinta, aka sake gwabzawa a El Teb da Tamai, inda mayaƙan Usman Digna suka fasa sahun sojan Ingila, abin da Turawa suka daɗe suna jin zafinsa. A 1885 aka kawo ƙarin soja daga Indiya, har da waɗansu daga Ostireliya. Aka fara shimfiɗa layin dogo daga Sawakin zuwa Barbar, aka yi kamar kilomita 30 aka watsar, bayan an kashe kuɗi masu yawa. Kitchener, wanda ya yi gwamnan yankin daga 1886 zuwa 1888, ya ƙarfafa ganuwar garin, kuma a wani faɗa a Handub harsashi ya same shi a muƙamuƙi.

Abin lura shi ne Usman Digna bai taɓa cin garinsu ba. Khartum ta faɗi a 1885, kusan dukan Sudan ta koma hannun Mahadi da halifansa, amma Sawakin ta tsaya a bayan ganuwarta da jiragen yaƙi. Sai dai garin kasuwa da aka rufe wa hanya ya zama barikin soja kawai. Fiye da shekara goma ayari bai tafi yadda ya saba ba. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926.

YADDA GARIN YA MUTU

Da yaƙi ya ƙare, mutanen Sawakin suka zaci arziki zai dawo. Har layin dogo daga Atbara ya iso a 1906. Amma sababbin masu mulki sun riga sun auna mashigar, sun ga ba ta yi musu ba. Siririyar hanyar da ta dace da jiragen da iska ke korawa ta yi wa manyan jiragen hayaƙi kaɗan. Ba wurin juyawa, shiga da dare kasada ce, murjani kuma yana nan yana girma a gefe da gefe yana ƙara matse ta. Tsibirin ba shi da filin da za a gina manyan ɗakunan ajiya, ruwan sha kuma bai isa ba. Sai suka zaɓi wani wuri a arewa mai suna Marsa Shaikh Bargut, mai faɗin mashiga da zurfin ruwa. Aka fara aiki a 1905, aka buɗe sabuwar tashar a 1909, aka sa mata suna Fot Sudan.

Ba wanda ya harba bindiga, ba gobara. Kwastan ya tashi, banki ya bi shi, kamfanonin jirage suka bi banki. 'Yan kasuwa suka yi ta jan ƙafa har shekarun 1920, daga bisani su ma suka kulle ƙofofinsu suka tafi. To, ku tuna da sharaɗin gidan murjani. Shekara ta zagayo ba a yi yaɓe ba, wata ta sake zagayowa. Gida ɗaya kuma ya zama na magada da yawa, wani a Fot Sudan, wani a Jidda, wani a Alƙahira. Ba mai iya gyarawa shi kaɗai, ba mai yarda a sayar. Waɗansu suka ɓalle tagogi da ƙofofi suka kai sabon gari. Wani malamin zane a Khartum, Jean-Pierre Greenlaw, ya yi ta zuwa a shekarun 1940 da farkon 1950 yana auna gidajen yana zana su ɗaki ɗaki. Littafinsa ya fito a 1976. A lokacin da ya fito, da yawa daga cikin gidajen da ke ciki sun riga sun zama tsibin duwatsu, kuma yau duk mai son sanin yadda suke sai ya duba zanensa. A ganinmu wannan malami ya yi wa garin aikin da gwamnatoci ba su yi masa ba.

HANYAR MAHAJJATA

Abu ɗaya ya hana Sawakin mutuwa ɗungum, shi ne aikin hajji. Gwamnati ta bar ta a matsayin tashar mahajjata, da sansanin da ake killace su a yi musu lambar agana da allurar kwalara kafin su haye, a kuma sake duba su in sun dawo. A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye.

Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka daga ƙasar Hausa yakan yi sallama da danginsa kamar ba zai dawo ba, har ya raba abin da zai raba. Ya bi ta Barno, ya haye zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, ya wuce Abeshe, ya shiga Darfur, ya kai El Obeid. Da ƙafa, da jaki, daga baya da babbar mota da jirgin ƙasa. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma ko ɗinki ko dako ko sayar da ruwa, a tara kuɗi a ƙara gaba. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka zama babban wurin neman kuɗin jirgi. Tafiyar takan ci shekaru. Akan haifi yaro a hanya ya isa Sawakin yana gudu da ƙafarsa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jama'a da yawa suka yi hijira gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda har yau ake kira da sunansa.

Waɗanda ba su da kuɗin tikiti da takardu sukan kauce wa sansanin, su biya masu ƙananan jirage su haye da su a ɓoye. Waɗansu sun nutse, waɗansu an sauke su a wata gaɓa da babu ruwa, akwai kuma waɗanda aka yaudara aka sayar da su ko 'ya'yansu a can ƙetare. Da yawa kuma ba su haye ba sam, ko sun haye sun dawo amma ba su ƙarasa gida ba. Jikokinsu suna nan a Fot Sudan, Kasala, Gadarif da garuruwan Jazira, 'yan ƙasar Sudan ne, kuma da yawansu suna jin Hausa. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, hanyar ƙasa ta yi ta raguwa.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

Mai zuwa Sawakin yakan fara ratsa garin tudu, inda jama'a suke zaune yanzu. Zai ga ƙofar ganuwa da ake dangantawa da Kitchener, da kasuwa inda Beja suke sayar da raƙuma, awaki, takubba da turmin kofi. Kofinsu, wanda ake kira jabana, da citta ake dafa shi a ɗan tulun yumɓu, a zuba a ƙananan kofuna, kuma ba a shan ɗaya a tashi. Daga nan sai hanyar da ta haye ruwa, da ƙofar shiga tsibiri. A ciki akwai tsofaffin masallatai biyu, na Hanafi da na Shafi'i, da gidan kwastan mai siffar zakuna biyu a kan ƙofarsa, da gidan gwamna, da kangon bankin Masar, da abin da ya rage na gidan Khurshid, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen attajirai. Sauran duk tsibi ne na farin dutse, nan bango ɗaya a tsaye, can matakala da ba ta kai ko'ina ba. In mutum ya ɗauki guntun dutse ya duba, zai ga zanen halittun da suka gina shi, kamar saƙar zuma.

Ruwan tafkin garau yake, ana hango kifaye masu launi iri iri daga kan kwalekwale, masunta kuma suna soya abin da suka kamo a bakin ruwa, kyanwoyin nan na labari suna zagaye da mai ci. Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Abin mamaki ga ɗalibin labarin ƙasa, ɗan ruwan saman da gaɓar take samu a wannan lokaci yake sauka, sa'ad da mu muke fama da hunturu. A watannin Yuni zuwa Agusta kuwa zafi yakan wuce digiri 40, masu hali su gudu kan duwatsun Arkawit da Sinkat su sha iska.

An sa Sawakin a jerin wuraren da Sudan take neman UNESCO ta amince da su tun 1994. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan biyu da gidan kwastan, kuma a Disamban 2017 Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin, aka yi yarjejeniyar ba Turkiyya aikin sake gina shi. Maganar ta tā da ƙura a Masar da Saudiyya, waɗanda suka yi zargin sansanin soja ake nufi. Gwamnatin Umar al-Bashir da ta sa hannu ta faɗi a 2019, a Afrilun 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, mutane masu yawa suka gudo gabas zuwa bakin teku. Ƙasar da ke neman abin da za ta ciyar da 'yan gudun hijira ba ta da sararin yaɓen tsofaffin gidaje. Akwai ma gardama tsakanin masana a kan gyaran kansa: in an rushe kango aka tā da sabon gini da siminti a wurinsa, an ceci tsohon gari ne ko an binne shi?

Tashar kuwa ta sake rayuwa ta wata fuska. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin mashigar, aka sa mata sunan Usman Digna, mutumin da ya yi shekaru yana neman shiga garin da yaƙi bai samu ba. Daga nan jiragen fasinja suke haye teku zuwa Jidda a dare ɗaya, da alhazai da masu neman aiki, daga nan kuma ake fitar da tumaki da raƙuma zuwa Saudiyya. A Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa ya kife a tashar da tumaki fiye da 15,000.

Ga aikin da muke ba 'yan aji huɗu da aji biyar a wannan hutu. Kowa ya nemi taswira ya zana hanyar nan daga garinsu har Sawakin, ya auna nisanta, ya lissafa kwana nawa za ta ci in ana tafiyar kilomita 25 a yini. Sa'an nan ya bincika a unguwarsu ko a ƙauyensu, cikin ladabi, ko akwai tsohon da ya je Makka ta ƙasa, ko wanda iyayensa suka je, ko gidan da wani nasu ya tafi gabas bai dawo ba. Irin waɗannan dattawa sun ragu ƙwarai. In an sami ɗaya, a gaishe shi yadda ya kamata, a zauna, a tambaye shi garuruwan da suka yada zango, da sana'ar da suka yi a hanya, da kuma wurin da suka shiga jirgi. A rubuta da Hausa yadda ya faɗa, a kawo wa malamin tarihi a makon farko na komawa makaranta.